Ƙugiyar da Lauwali Ya Ƙi Zubawa

Ni mai goro ne a kasuwar Talata Mafara, sunana Labaran, kuma wanda ya daɗe a wannan sana'a yana gane mutane ta abin da suka zo saye. Mai zuwa neman aure marsa, manyan goro, yake zaɓa, yana ta ɓoye murmushi. Mai zuwa gaisuwar mutuwa ko ciniki ba ya yi. Amma duk zamana a wannan rumfa, mutum ɗaya na sani da ya yi shekara da shekaru yana sayen goro bai sami wanda zai miƙa wa ba, shi ne Lauwali Mai Zubi. Shi kansa goron bai dame shi ba, ko ɓantara ba ya yi. Na sha yi masa tsiya cewa da irinsa suna da yawa a garin nan, da tuni na je Makka na dawo.

Lauwali mutumin Birnin Tudu ne, ta wajen Bakura. Gajere ne, mai kauri, hannuwansa duk tabon ƙuna, kuma in ka yi masa tambaya sai ka gama ɗaure wa wani goro kafin amsa ta fito. Sana'arsa zubin dalma: tukwane, ludaya, kasko, murafe. Zai ɗauki tukunya ya danna ta cikin yashi mai danshi a akwatin katako, ya zare ta a hankali, ya narka dalma ya zuba a gurbin da ta bari. In ta huce ya fasa yashin, ga sabuwar tukunya, sai gyara da magagari. Matan Mafara sun san tasa, don ba ta yoyo kuma ba ta da ramukan da tuwo ke maƙalewa.

Ya koyi aikin a hannun wani tsohon maƙerin fari mai suna Nagode, a wani ƙauye kusa da Maradun wanda yanzu yake ƙarƙashin ruwan dam. A can ya ɗauko ɗabi'ar da ta cinye shi. Masu zubi kowa da tambarinsa a gindin tukunya ko a mariƙin ludayi, wani tauraro, wani kifi, wani sunansa. Dokar Nagode ita ce, duk abin da ka ga tambarin wani a jikinsa, ba ka danna shi a yashinka ka fitar da irinsa sai ka je wurin mai shi da goro, tare da wani babba da zai yi shaida, ka gaishe shi, ka roƙa. Mai abin kuwa ba ya hanawa, kunya ma ba za ta bar shi ba. Zai ɓare goro ya ce ya ba ka, a shafa fatiha, a tashi. Ba saye ake yi ba, girmansa kawai ake ba mutum. Lauwali ya ce da idonsa ya ga Nagode, da tsufansa da ciwon gwiwarsa, ya taka har Bakura saboda wani ludayi mai lanƙwasasshen wuya da ya gani a hannun mai fura.

Da aka zo aikin madatsar Bakolori, gonar ubansu Lauwali na cikin waɗanda katafila ta shiga. Aka ce za a baje ƙasar, a ja ruwa, sannan a mayar wa kowa da rabonsa. Damina ta yi ta zuwa tana wucewa mutane na kallon gonakinsu ba halin shuka. Daga nan aka yi rikicin nan na Birnin Tudu, wanda har yau tsofaffin garin ba sa son a tayar musu da shi, ni ma ba zan tayar ba. Bayansa Lauwali ya kwaso matarsa Kaltumi da akwatunan yashinsa ya dawo Mafara, ya kafa maƙera a bayan tasha. Ƙanensa Ɗanasabe ya zauna a gida yana jiran gona. Su biyu kaɗai uwarsu ta bari, kuma Lauwali ne ya goya shi da hannunsa. Da aka zo rabo, Lauwali ya ce shi yana da sana'a, a haɗa nasa da na ƙanensa a ba Ɗanasabe.

Gonar da aka ba su a kan tudu take, kuma katafila ta kwashe ƙasar sama mai kyau, ta bar ja mai tauri. Da damina geron da take yi ba ya kai su ko'ina. Abin da ya riƙe ta shi ne noman rani, don tana ɓangaren da ake ban-ruwa da feshi. Wanda bai ga wannan abu ba zai ce ƙari nake yi. Dogayen bututai ne na dalma, marasa nauyi, mutum ɗaya na saɓa guda a kafaɗa. Ana jera su a gona a haɗa baki da baki, a buɗe ruwa, sai wasu kawuna a jikinsu su riƙa juyawa suna watsa ruwa sama. Da farko har daga ƙauyuka ake zuwa kallon ruwan sama a tsakiyar rani. Ɗanasabe ya yi alkama, ya yi tumatir, ya yi aure, ya sa wa ɗakinsa kwano. In ya shigo kasuwa ranar Talata, a rumfata yake tsayawa ya sayi goro ya kai wa Kaltumi, ya ci tuwo a gidan wansa kafin ya hau mota.

Abin da ke haɗa bututu da bututu wani ɗan ƙarfe ne na dalma, bai fi tafin hannu ba, mai baki kamar na ƙugiya, don haka manoma suka sa masa ƙugiya. Ita ce mai karyewa. A ja bututu a kan kunyar gona ta karye, saniya ta taka ta karye. In guda ta karye ruwa ya riƙa tsiyaya a wurin, ƙarfinsa ya ragu, waɗanda ke ƙarshen layi su ga kawunansu sun daina juyawa. Gonar Ɗanasabe kuwa ita ce ta ƙarshe a layinsu. Da fari ba damuwa, ka kai karyayya sito a ba ka sabuwa. Sai zamani ya juya, kayan waje suka yi wuyar shigowa, Turawan da suka kafa aikin suka fara haɗa kayansu, sito ya koma sai ƙura da kwalaye.

Wani mai zubi a Bakura ya gwada yin tasa. Da aka sakar mata ruwa sai ta fashe, ta kusa cire wa wani manomi ido. Aka rufe ruwan layin na ɗan lokaci, aka tara manoma aka ja musu kunne. Mai kula da sito, Malam Ɗantala, mutum ne mai kirki amma mai tsoron aikinsa, shi ya yi musu bayani. Ya ce ƙugiyar nan ba abin da kowa zai tashi ya ƙera ba ne, wanda ya ƙirƙiro ta ya yi mata rajista a ƙasarsu, akwai doka tsakanin ƙasashe da ta hana a kwaikwayi irin wannan ba da yardar mai shi ba. Haka aka gaya masa, haka ya gaya musu.

Manoma ba su damu da wata rajista ba, sun dai ga cewa mai zubin Bakura ne bai iya ba. Suka ce wa Ɗanasabe ai wansa zubinsa ba ya rami, ya je ya same shi. Ranar wata Talata Ɗanasabe ya zo da karyayyar ƙugiya a aljihu. Lauwali ya jujjuya ta, ya auna kaurinta da yatsa, ya ce yana ganin zai iya. Sai babban yatsansa ya tsaya a kan wani abu a gefenta. Ya goge da bakin riga. Tambari ne, wani zobe da haruffa a ciki da lambobi a ƙasa.

Ba a jima ba sai ga shi a rumfata yana zaɓen marsa fari, wai in shirya in raka shi in yi masa shaida. Na tambaye shi wa za a aura. Da ya gaya mini sai da na yi dariya har hawaye. Shi ko murmushi bai yi ba. Na ga da gaske yake, na bar wa maƙwabcina rumfa muka tafi.

A sansanin ma'aikata muka sami Baturen da ya rage, wani dogon injiniya da rana ta ƙona wa wuya, yana tsaye ana ɗaure masa akwatuna. Malam Ɗantala ya yi mana tafinta, yana yi yana jin kunya. Lauwali ya tuɓe takalmi, ya durƙusa, ya gaishe shi gaisuwa ta sosai, da gajiya da iyali da aiki, har Baturen ya fara duba agogo. Sannan ya buɗe ganyen goro ya ajiye ƙugiyar a gefe.

"Ranka shi daɗe, izini niz zo roƙo," in ji shi. "Abin ga naku na, na ga tambari. Alkamam mutanenmu na mutuwa. In ka ba ni, in zuba masu."

Baturen ya saurara, kuma ba zan yi masa sharri ba, bai yi mana wulaƙanci ba. Ya ce shi bututu kawai ya zo haɗawa, ƙugiya ba tasa ba ce, ba ta ma kamfaninsu ba ce, sayo ta suke yi daga wani kamfani a wata ƙasa. Lauwali ya tambayi sunan mai kamfanin da garinsu. Baturen ya ce ba mutum ɗaya ba ne, mutane ne da yawa da suka zuba jari, wasunsu ba su taɓa ganin ƙugiyar ba. Lauwali ya ce to wa ya fara zana ta, don shi ne mai ita. Baturen ya ɗaga kafaɗa ya ce wataƙila ya mutu, kuma ko yana da rai ba shi da ikon bayarwa, ya sayar. Don kada ya kunyata mu ya ɗauki goro guda ya gatsa, ya yamutsa fuska. Lauwali ya tsaya yana jiran kalmar. Baturen ya ce abin da ba nasa ba ne ba zai ce ya bayar ba. Wannan amsa ita ta ƙara ɗaure Lauwali, don a hanya yana ce mini Baturen nan ya san ya kamata, mai amana ne.

Ni a ganina magana ta ƙare. An je, an gaisa, ba a sami mai abu ba, sai a koma a hura wuta. Na gaya masa haka, na ƙara da cewa wanda yake wata ƙasa bayan teku ba zai taɓa sanin an zuba ƙugiya a bayan tashar Mafara ba. Ya ce shi ai ya sani. Ya ce a bari ya ƙara nema, tunda akwai tambari akwai mai shi.

Ɗanasabe ya jira mako, ya jira wani. Alkamarsa ta fara fitar da kai, lokacin da ta fi son ruwa, kawunan feshinsa kuwa sai ɗigo. Ya dawo Mafara da rana tsaka, ya tarar da mu a maƙera, Lauwali na zuba ludaya. Bai zauna ba. Ya roƙi wansa, ya haɗa shi da Allah, ya haɗa shi da uwarsu da ke kabari. Lauwali yana ta kallon yashi. Da Ɗanasabe ya ga roƙo bai yi ba, sai ya sassauta murya.

"Yaya, da sunka shiga gonab baba da katafila, goro nawa sunka kawo maka?"

"Ba su kawo ba," in ji Lauwali. "Shi yas sa nis san zahin abin. Ba ni yi ma wani. Da tambarin mai ita bisa, Ɗanasabe, ni ba ni taɓa abin mutane."

Ɗanasabe ya ɗauki hularsa da ta faɗi garin roƙo ya fita. Ranar bai ci tuwon Kaltumi ba. Ni kuwa raina ya ɓaci ƙwarai, na ce wa Lauwali wannan ba tsoron Allah ba ne, taurin kai ne ya sa masa rawani. Na ce Nagode dokarsa ta mutanen da ake iya takawa a je gidansu ce. Bai musa mini ba, bai kuma canza ba. Na yi kwanaki ba na amsa gaisuwarsa da kyau.

Kada a ɗauka zama ya yi. Neman mai ƙugiya ya zama masa aiki na biyu. Ya ji an ce akwai dillalin kayan ban-ruwa a Gusau, ya sayi goro, ya ja ni muka je. Dillalin ya ce kamfanin da ke da wannan tambari wani kamfanin ya saye shi, ya kuma canza suna. Ya ji an ce wasu baƙi za su zo duba dam, ya sayi goro ya je Maradun ya wuni a bakin hanya, motocinsu suka wuce ba su tsaya ba. Duk wanda zai tafi Kaduna ko Ikko, direba ko ɗan kasuwa, sai ya nuna masa tambarin ya ce ya tambaya masa. Goro kuwa ba ya jira. Ko daushe ne, goron bara mai jure ajiya, in ya daɗe a hannun wanda bai iya ajiyarsa ba sai ya bushe ko sankara ta shige shi. Kaltumi ta riƙa raba wa maƙwabta kafin ya lalace, shi kuma ya dawo wurina ya sayi sabo, don kada mai abu ya bayyana ya tarar da shi hannu wofi. Har ta kai matan unguwarsu in suna son goro sai su ce bari su leƙa ko na Bature ya isa rabo.

Abin da ya fi ba ni haushi, bayan Turawa sun tafi babu mai zagayawa duba ƙugiyar kowa. Malam Ɗantala da kansa ya zo maƙera ya ce wa Lauwali a hankali, shi dai idonsa ba ya gani sosai yanzu, in an ga sabuwar ƙugiya a gona ba zai tambayi inda ta fito ba. Lauwali ya gode masa, ya tambaye shi ko shi ne mai ita yanzu. Ɗantala ya ce a'a. Lauwali ya ce to. Dokar da waɗanda suka kawo ta suka tafi suka bari, waɗanda aka bar wa tsaronta suka gaji da ita, sai ta sami wurin zama a ƙirjin mutum ɗaya a bayan tasha.

Ɗanasabe ya gwada ɗaure bututu da roba da tsumma, ruwa ya riƙa tsinka su. Ya yi asarar alkamar wannan rani, ya yi ta na gaba. Gona ba ta ciyarwa da damina, ba ta ciyarwa da rani, ga iyali. Ya sayar da ita ga wani attajirin gari da ke tara irin waɗannan gonaki, da rabonsa da na wansa duka, bai kuma aiko ya shaida wa Lauwali ba. A kasuwa muka ji. Ya tafi kudu dako, ya yi shekaru, ya dawo da ciwon baya, ya kama haya a Bakura yana yi wa mutane ƙwadago a gonakin shinkafa. In ya shigo Mafara ta wata hanya yake bi don kada ya wuce tasha. Sunan 'ya'yansa ma Lauwali a bakin mutane yake ji.

Gaskiya ita ce, ko da Lauwali ya zuba, ban sani ba ko tasa za ta jure ƙarfin ruwan, Allah kaɗai ya sani. Kuma daga baya manyan injinan da ke tura ruwan su ma suka tsaya ɗaya bayan ɗaya, feshi ya mutu gaba ɗaya, mai ƙugiya da marar ƙugiya suka zama ɗaya. Amma tsakanin karyewar ƙugiya da mutuwar injin akwai rani da dama, kuma da Ɗanasabe ya sami waɗannan, da bai sayar ba a lokacin da ya sayar. Wannan lissafin ni na yi shi, Ɗanasabe ya yi shi, Lauwali ma na san yana yi.

Da feshi ya mutu, bututai suka zama tarkace. Wasu aka yi gwanjonsu, wasu suka bi dare. Aka riƙa sare su guntu-guntu ana kawowa kasuwa a buhu, kuma ba a taɓa samun dalma mai kyau da araha irin ta wannan lokaci ba. Masu zubi duk suka saya, har da Lauwali, don shi a wurinsa siffa ce ke da mai ita, guntun dalmar da aka saya a kasuwa halal ne. Shekarun nan ya yi tukwane masu kyau ƙwarai. Rabin gidajen Mafara da Bakura a cikin bututun Bakolori suke dafa tuwo, ko sun sani ko ba su sani ba.

Muna nan har muka tsufa, aka ba mu jihar Zamfara, gemunmu ya yi fari. Wata safiya Lauwali yana zaune a bencina rediyo na magana, sai aka kawo labarin wani taron ƙasashen duniya kan ciniki. Aka ce an yarda a sassauta wa ƙasashe mafiya talauci dokar nan ta haƙƙin wanda ya ƙirƙiri abu, a ba su lokaci su ƙera abin da suke bukata ba tare da an kama su da laifi ba. Lauwali ya kama hannuna ya ce in ƙara murya. Da aka gama na ga idonsa ya kawo ruwa. Ya ce masu abu sun taru sun yi magana, sun ce sun ba talakawa. Ban taɓa ganinsa cikin murna irin ta ranar ba, har ni ma na fara yarda.

Ya ce mu je a tabbatar wurin Malam Ɗantala, wanda ya yi ritaya ya buɗe shagon ƙananan injinan ban-ruwa a bakin titin Sakkwato. Ɗantala ya ji mu har ƙarshe, sannan ya ce shi ma ya saurara, amma mu ba ma ciki. Akwai jerin ƙasashen da duniya ta yarda matalauta ne, Nijar na ciki, Najeriya ba ta ciki, don muna da man fetur. Na dubi Lauwali da rigarsa mai ƙuna a hannu, na dubi silifas ɗinsa da aka ɗinke da waya, na ce ashe mu masu arziki ne ba a gaya mana ba.

Da a nan Ɗantala ya tsaya da ya fi. Amma ya ga fuskar Lauwali, ya so ya lallashe shi. Ya ce ai ƙugiya ma ba ta bukatar wannan sassauci. Masu kawo masa kaya sun gaya masa irin wannan rajista ba ta dawwama, shekara ashirin take yi ta faɗi, daga nan kowa na iya ƙerawa. Ƙugiyar nan kuwa tsohon yayi ce tun ranar da aka sauke ta a Bakolori, yanzu ƙasashe da yawa na yin irinta. Ya ce shi bai ma tabbata an taɓa yi mata rajista a ƙasar nan ba.

Lauwali ya dube shi ya tambaya:

"Tun yaushe tah hwaɗi, Malam?"

Ɗantala ya ce bai san shekarar ba.

"Kahin Ɗanasabe shi sai da gona, ko bayan nan?"

Ɗantala ya sunkuyar da kai ya ce mai yiwuwa kafin. Ya ce shi ma a lokacin bai sani ba, abin da aka gaya masa ya faɗa. Lauwali ya tambaye shi wa ya kamata ya zo ya sanar da su ranar da ta faɗi. Ɗantala ya ce ba a sanarwa, faɗuwa kawai take yi.

Kwana biyu ban gan shi ba. Kaltumi ta ce yana maƙera, ya ciro karyayyar ƙugiyar nan da Ɗanasabe ya kawo tun wancan zamani, ya liƙa ta, ya danna a yashi. Ta farko ta yi rami ya mayar da ita wuta, ta biyu ma haka, don tsufa ya fara kama shi. Wadda ta fito daidai ya goge ta har tana ƙyalli, ya kankare gurbin tambarin Turawa ya sa nasa, ɗan tauraro. Ya zagaya neman bututu biyu da zai gwada ta a kai. Ya je Birnin Tudu, ya je wajen tsohon sito, bai sami ko guda cikakke ba. Sai kututturen siminti a gonaki inda da ake buɗe ruwa.

Ranar Talata ya zo rumfata ya ce in zaɓa masa marsa mafi kyau. Na ce yau kuma wane Bature. Ya ce ba Bature, Bakura za mu, in shirya in yi masa shaida. Ya ce ya yi shekaru yana neman wanda zai roƙa a bayan teku, alhali wanda ya kamata ya roƙa yana nan kusa.

Muka sami Ɗanasabe a ƙofar gidan da yake haya, ya dawo daga gonar wani, laka har gwiwa. Ya tsufa fiye da wansa. Ya shimfiɗa mana tabarma, ya sa aka kawo ruwa, ya gaishe mu gaisuwa mai tsawo, lafiya da gajiya da iyali da kasuwa, irin wadda ake yi wa baƙon da ake girmamawa ba a san shi ba. Lauwali ya buɗe ganyen goro, ya ajiye ƙugiyar a gefe, ya faɗi duk abin da Ɗantala ya gaya mana, bai rage ba, har da cewa mai yiwuwa tun ranar da ƙanensa ya tsaya a maƙera yana roƙo abin ba shi da mai shi. Sannan ya ce ya zo neman gafara. Ni ma na sa baki na faɗi abin da mai shaida ke faɗi.

Ɗanasabe ya karɓi goron ya yi godiya, ya miƙa cikin gida a raba wa maƙwabta. Ya ɗauki ƙugiyar ya jujjuya ta a hannu, ya gwada bakinta da yatsa kamar mai shirin haɗa bututu. Na ga yatsansa ya tsaya a kan tauraron. Ya ajiye ta a tabarma ya tura ta gaban wansa.

"Aiki ya yi kyau, Malam Lauwali," in ji shi. "Amma da tambarin mai ita bisa. Ni ba ni taɓa abin mutane."

Ba da faɗa ya faɗa ba, da ya yi faɗa da na sami abin kamawa. Ya raka mu har bakin titi, ya tsaya sai da muka sami mota, ya yi mana addu'ar sauka lafiya. A mota Lauwali ya riƙe ƙugiyar a cinya har Mafara, ni kuma na rasa tsiyar da zan yi masa, na yi ta kallon gonaki ta taga. Tausayinsa ya kama ni, haushinsa bai sake ni ba, har yau haka nake.

Ya rayu bayan nan, ya ci gaba da zuba tukwane har hannunsa ya ƙi. Kowace Talata yana biyowa ta rumfata, ya zauna a benci, mu gaisa, ya tambayi kasuwa. In na buɗe sabon huhu yakan dubi goron ya ce ya yi kyau. Bai sake saye ba.